Zan iya toshe mafitar dam ɗina don in ƙara ruwan noman rani?

Tambayar daga wani manomi ta fito. Yana da ƙaramin dam na ƙasa a gonarsa, tsayinsa wajen mita 5, mai katafila ne ya tara masa shi shekarun baya, ba tare da injiniya ba. Ruwan yana ƙare masa kafin amfanin rani ya nuna, don haka yana so ya jera buhunan yashi a mafitar rarar ruwa don zurfin ya ƙaru da kamar mita ɗaya, ya kuma kafa raga a wurin saboda kifi. Ya ƙara da cewa akwai wani wuri a gindin dam ɗin ta baya da ba ya bushewa ko da rani, kuma akwai gidaje a ƙasan kwarin. Yana so ya sani ko akwai matsala, tunda dai dam ɗin ƙarami ne.

Malam, kada ka sa buhu ko ɗaya a mafitar nan, kuma kada ka kafa ragar. Wannan ba shawara ce ta idan ka ga dama ba. Sannan wurin nan mai danshi da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ya kamata ka fara zuwa ka duba gobe da safe. Zan yi bayanin dalili, zan kuma faɗi inda za ka samo ƙarin ruwan, domin buƙatarka ta gaskiya ce, hanyar da ka zaɓa ce ba ta ɓullewa.

Bari in fara da maganar ƙanƙanta, don ita ce ke ruɗar mutane. A ma'aunin hukumar duniya mai kula da manyan madatsun ruwa, ana kiran dam babba idan tsayinsa ya kai mita 15, ko kuma yana tsakanin mita 5 da 15 amma yana riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 3. Naka bai kusa ba. Sai dai wannan ma'auni na rajista ne, ba ya faɗin wanda ruwan zai ci. Injiniyoyi suna auna haɗarin dam ne da abin da ke ƙasansa. Dam mai mita 20 a dajin da babu kowa ya fi naka sauƙin haɗari, tunda naka akwai masu kwana a hanyar ruwansa. Ka ƙiyasta abin da kake riƙe: girman filin da ruwan ya rufe a murabba'in mita, sau zurfin wuri mafi zurfi, sau kamar 0.4. Idan ruwan ya rufe hekta biyu da rabi, wato murabba'in mita 25,000, zurfin kuma mita 5, ya kama kubik mita 50,000 ke nan. Kowane kubik mita na ruwa tan ɗaya ne. Tan 50,000 ke nan a tsaye a bayan tarin ƙasa, kuma ranar da ƙasar ta sake, ba a hankali yake tafiya ba, yana ɗauke da laka da duwatsu da itatuwa.

An ga haka a Solai da ke yankin Nakuru a ƙasar Kenya, a daren 9 ga Mayu 2018. Dam ne na ƙasa a cikin wata babbar gona mai zaman kanta, ya ɓalle bayan makonni ana ruwan sama, ya kashe kusan mutum 50, da yawansu yara, kuma hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasar ta ce ba a gina shi bisa izini ba. A jihar Jojiya ta Amurka ma, dam ɗin Kelly Barnes, wanda tsayinsa bai wuce mita 12 ba, ya fashe da tsakar daren 6 ga Nuwamba 1977 ya hallaka mutum 39 suna barci. Bayan wannan ne gwamnatin Amurka ta sa aka bi aka duba madatsu kusan 9,000 da ba mallakarta ba, aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci, kuma laifin mafi yawansu ɗaya ne: mafitar rarar ruwa ta yi musu kaɗan.

To, ga yadda mafita take a jikin dam na ƙasa. Dam na kankare yana iya jure ruwa ya haura ta kansa na ɗan lokaci. Na ƙasa ba ya iyawa. Da zarar ruwa ya sami wuri mafi kwari a doron dam ya fara malala ta baya, zai fara cin ƙasar daga gangaren baya inda ya fi gudu, ya yanka ɗan kwazazzabo, kwazazzabon ya riƙa ja da baya yana cin doron har ya isa ga ruwan. Daga nan kowane santimita da ya zurfafa yana ƙara yawan ruwan da ke bi, ruwan kuma yana ƙara zurfafa shi. Babu mai tsayar da wannan da shebur. Mafita ita ce kaɗai abin da ke hana a kai ga haka, shi ya sa ake yanka ta a ƙasa mai tauri a gefe, ba a jikin cikon ba, a kuma yi ta ƙasa da doron dam da mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a ƙananan madatsu. Wannan tazarar da kake kallo a matsayin wurin da ya tafi a banza, an bar ta ne don abu biyu: zurfin ambaliyar da za ta bi mafita, da kuma aƙalla rabin mita a sama da shi saboda igiyar ruwa da lotsawar ƙasa. Idan ka cika mita ɗaya da buhu, ka cinye kusan duka.

Mu yi lissafi kaɗan don ka ga girman abin. A ce ƙasar da ke zubo ruwa cikin dam ɗinka hekta 100 ce, wato murabba'in kilomita ɗaya, wanda ba wani yawa ba ne. Ruwan sama na milimita 100 a kanta kubik mita 100,000 ne. Idan ƙasa ta riga ta ƙoshi, rabinsa ya gangaro, ka sami ruwan da zai cika dam ɗinka gaba ɗaya a dare ɗaya, alhali ya riga ya cika. Idan kuma ruwan ya sauko da ƙarfin milimita 60 a awa, abin da ke shigowa a ganiyarsa zai kai kubik mita 8 a kowace daƙiƙa. Bututu mai faɗin santimita 60, irin wanda wasu ke binnewa su ce sun yi mafita, da kyar yake fitar da kubik mita ɗaya a daƙiƙa. Buɗaɗɗiyar mafita kuwa, idan ruwa na bin ta da zurfin rabin mita, kowace mita ta faɗinta tana fitar da kamar 0.6, don haka kana buƙatar faɗin mita 14. Ka je da awo ka auna taka. Zan yi mamaki idan ta kai, domin mai katafila yakan yanka mafita daidai faɗin bakin motarsa ne, sau ɗaya ko sau biyu, ya wuce. Wato mai yiwuwa aikin da ke gabanka faɗaɗa ta ne.

Maganar raga kuma tana da tarihi. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai dam ɗin South Fork, wanda wata ƙungiyar attajirai masu kamun kifi da farauta ta saya. Suka rage tsayin doronsa don keken doki ya sami hanya, ba su mayar da bututun zubar da ruwa da aka cire ba, suka kafa raga a mafita don kada kifi ya gudu. Ranar 31 ga Mayu 1889 ambaliya ta zo da rassa da tarkace, ragar ta tare su, ruwa ya haura, mutum 2,209 suka mutu a garin Johnstown da kewaye. Wancan ya fi naka girma nesa ba kusa ba, amma halin raga ɗaya ne ko'ina: a ranar da babu ruwa ba ta tare komai, a ranar ambaliya kuma ciyawa da kara da leda suna mayar da ita bango cikin mintuna. Wanda ya fi kama da naka shi ne Ka Loko a tsibirin Kauai na Hawai, tsohon dam na ƙasa da aka gina a 1890 don ban ruwan rake, ya koma hannun mai zaman kansa. Ya ɓalle ranar 14 ga Maris 2006 bayan makonni na ruwan sama, mutum 7 suka mutu. Bincike ya nuna an cike mafitarsa da ƙasa, kuma daga baya mai dam ɗin ya yi zaman gidan yari.

Na san abin da za ka ce: ai buhu ne, idan na ga hadari sai in kwashe. Ruwan da ke cika dam yakan zo ne da dare, ko lokacin da kake wani wuri, kuma idan ya zo buhunan suna ƙarƙashin ruwa mai gudu, sun jiƙe sun yi nauyi, hanyar zuwa wurin ma ta yanke. Mutumin da ya shiga mafita a wannan lokaci shi ne na farko da ruwan zai tafi da shi. Ko kuma ka ce tun da aka gina shi ruwa bai taɓa kaiwa rabin mafitar ba. Shekaru biyar ko goma ba su isa shaida ba. Ambaliyar da ake kira ta shekara ɗari, ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta zo, ba wai sai an jira shekara ɗari ba. Idan ka tara wannan a shekaru 30, yiwuwar ta kai kashi 26 cikin 100. Kuma duk lokacin da aka sare daji ko aka yi gini ko aka buɗe sababbin gonaki a saman kwarin, ruwan da ke gangarowa yana ƙaruwa ko da saman bai ƙaru ba.

Akwai wata illa ta biyu da ba ta jiran ambaliya. Turin da ruwa ke yi wa dam ba ya ƙaruwa daidai da zurfi, yana ƙaruwa ne da zurfi sau zurfi. A zurfin mita 4, kowace mita ta tsawon dam tana ɗauke da turin tan 8. A mita 5 ya zama tan 12 da rabi, ƙarin fiye da rabi. Sannan ɓangaren sama na dam ɗin, wanda za ka jiƙa yanzu, bai taɓa ganin ruwa ba. Nan ne ya fi siranta, nan ne rana ta fi tsattsaga, nan ne ramukan gafiya da gara suka fi yawa, kuma nan ne mai katafila ya fi yin sauri don ya gama ya tafi. Ɗaga ruwa zuwa inda bai taɓa kaiwa ba tamkar cika sabon dam ne a karon farko, kuma cikar farko ita ce lokacin da madatsun ƙasa suka fi fashewa ta ciki. Dam ɗin Teton a jihar Idaho, mai tsayin mita 93, wanda injiniyoyin gwamnati suka zana suka gina, a cikarsa ta farko ya tafi, ranar 5 ga Yuni 1976. Da safe aka ga ruwa mai laka yana fita ta bayansa, kafin azahar ya rushe.

Wannan ya kawo mu ga danshin gindin dam ɗinka. Duk dam na ƙasa yana naso, babu wanda ba ya yi. Ruwa yana ratsa jikinsa da ƙarƙashinsa a hankali, kuma idan an yi aikin daidai yana fita ne can ƙasa, kaɗan, garau, ba ya ƙaruwa. Abin tsoro shi ne ranar da ya fara fita da ƙasa. Ƙwayar farko da ya ɗauke tana buɗe wa ta biyu hanya, rami ya fara daga bakin fita yana cin baya ta cikin dam, ba a ganin komai daga waje, har ya haɗu da tafkin. Don haka aikinka shi ne ka gano wane iri ne naka.

Ka yanke ciyawar wurin ƙasa-ƙasa don ka ga inda ruwan ke tsattsafowa. Ka kafa turaku a iyakar danshin ta kowane gefe, ka ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya a kowane mako. Idan ruwan yana gudu, ka tattara shi a ɗan lambatu ya bi ta guntun bututu, ka tara bokitin da ka san litarsa, ka duba agogo, ka rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka kafin ya cika, tare da tsayin ruwan tafkin a ranar. Sai ka ɗebi ruwan a farar kwalba, daga bakin fitarsa, ba tare da ka dama wurin da ƙafa ba, ka ajiye ta a inuwa har kwana ɗaya. Washegari ka ɗaga ta ka duba gindinta. Idan babu komai, da sauƙi. Idan ka ga siririn layi na laka ko ɗan yashi mai laushi ya kwanta, ka sani jikin dam ɗinka ne ke cikin kwalbar. Haka nan ka durƙusa ka duba bakin idon ruwan. Wani lokaci za ka ga ɗan tudun yashi ya kewaye shi, ƙwayoyin suna tsalle a tsakiya suna gangarowa gefe, ruwan da kansa kuma garau a ido. Wannan ɗan tudun, ko da bai fi tafin hannu ba, alama ce ta gaggawa. Jan tsatsa-tsatsa mai santsi da ake gani a wasu wuraren yawanci ƙarfen cikin ƙasa ne, ba shi ne abin tsoro ba.

Inda danshin yake ma yana magana. A can gindi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya fi sauƙi. Idan ya hau gangaren baya, a ce kashi ɗaya cikin uku na tsayin ko fiye, to ruwa ya jiƙa cikin dam ɗin fiye da kima kuma gangaren na iya zaftarewa. Idan a jikin bututun fitar da ruwa yake bi, ko a kusurwar da dam ya haɗu da tudun gefe, waɗannan su ne wuraren da aka fi samun fashewa. Idan kuma adadin ya ƙaru alhali tafkin bai ƙaru ba, ko ka ga wuri ya lotsa a doron, ko ruwa yana juyawa yana nutsewa kusa da fuskar dam, kada ka jira kowa: ka fara rage ruwa, ka sanar da mutanen ƙasa, ka kira injiniya da hukuma a lokaci guda. Ruwa ba ya tsami banza.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne toshe bakin fitar da yumɓu ko siminti. Kada ka yi. Ruwan da ka hana fita yana taruwa a ciki, ya ƙara matsi, ya ɓullo ta wani wuri mafi muni. Abin da ake so shi ne ruwa ya fita, ƙasa ta tsaya. Ana shimfiɗa yashi mai tsabta a kan wurin, kauri kamar santimita 20 zuwa 30, a ɗora ƙananan tsakuwa, a ɗora manya, sannan duwatsu don nauyi. Yashin ne ke tace ƙasar. Idan ka zuba duwatsu kai tsaye babu yashi, ka ɓoye matsalar daga idonka ne kawai. Toshewa ta gaskiya daga ɓangaren ruwa ake yin ta, bayan an rage tafkin.

Me ya sa nake zargin dam ɗin da katafila kaɗai ta gina? Ba raina mai motar nake yi ba, da yawansu sun fi wasu masu takarda sanin ƙasa. Matsalar ita ce an ƙera katafila don ta baza nauyinta kada ta nutse, saboda haka ba ta daɓe ƙasa da kyau. Dam na kirki ana gina shi ne shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace ba ta wuce santimita 15 zuwa 20 ba, da ƙasa mai ɗan danshi wadda idan ka dunƙule ta a hannu za ta riƙe ba tare da ta manne ba, rola mai ƙusoshi tana bi tana dannewa. Kafin a fara ana kwashe ƙasar sama da saiwoyi gaba ɗaya, a haƙa rami a tsawon dam ɗin har a isa ƙasar da ruwa ba ya ratsawa, a cika shi da yumɓu a daɓe. Fuskar da ke kallon ruwa takan kwanta mita 3 a kowace mita ɗaya ta tsayi, ta baya mita 2 zuwa 2 da rabi, doron kuma faɗinsa aƙalla mita 3. Ka nemi wanda ya yi maka aikin ka tambaye shi, ba da faɗa ba: an haƙa ramin nan? An jiƙa ƙasar, ko da rani aka tura ta a bushe? Yaya aka binne bututun? Bututu yana son a kwantar da shi a cikin kankare a ƙasa mai tauri, bawul ɗinsa, wato abin buɗe shi da rufe shi, kuma ya fi aminci a ɓangaren ruwa, domin idan yana can baya, bututun yana cike da ruwa mai matsi dare da rana a cikin dam, duk ranar da mahaɗa ɗaya ta saki kuwa cikin ƙasar zai fesa.

Akwai kuma wani irin yumɓu mai yaudara, mai yawan gishirin sodiyam, wanda yake da tauri a bushe amma yana narkewa a ruwa. Gwajinsa ba ya cin kuɗi. Ka ɗauki busasshen ɗan dunƙule kamar girman kan yatsa daga jikin dam, ka sa shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka motsa. Idan ya farfashe ya zube kawai, ruwan na nan garau, ba laifi. Idan wani farin hazo ya fara tashi kewaye da shi har ruwan ya yi dishi-dishi, ƙasarka mai narkewa ce, kuma irinta ce ke yin rami ta ciki cikin sauri. Ana gyara ta da jifsam ko farar ƙasa, amma wannan aikin injiniya ne.

Sauran kulawar ba ta da wuya, sai dai tana son naci. Bishiya ba ta da wuri a jikin dam ko a mafita: saiwarta tana neman ruwa, idan ta mutu ta ruɓe ta bar hanya, idan iska ta tumɓuke ta kuma ta tafi da ɓangaren gangaren. Ƙanana ka cire su yanzu. Manya kada ka sare ka bar kututture, a rage ruwa a tono saiwar a sake cikawa a daɓe. Surin gara ma haka, a tono shi har gidan sarauniya. Gajeriyar ciyawa mai shimfiɗa ita ake so, tana riƙe ƙasa kuma tana barin ido ya gani. Dabbobi a kewaye musu, a ba su ruwa a kwami daga bututu, domin turbar da shanu suka taka a doron dam ita ce kwarin da ruwa zai fara bi. Tsaga kuma iri biyu ce. Wadda ta bi tsawon dam tana nuna gangare na shirin zamewa. Wadda ta gitta daga ruwa zuwa baya ta fi haɗari ko da siririya ce, don hanya ce a buɗe.

Idan ya zama dole ka rage ruwa kuma babu bututu, ana iya zuƙo shi ta kan doron da manyan bututun roba, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo, a kai bakin fitar nesa da gindin dam. Kada ka taɓa yanka doron da nufin ka ɗan rage, wannan fasa dam ne da hannunka. In ba gaggawa ba, a rage a hankali, 'yan santimita goma-goma a rana, domin idan ruwa ya janye da sauri fuskar da ta jiƙe takan zame ta bi shi.

Yanzu ga ƙarin ruwan. Abu na farko, ka duba laka nawa ta taru. Dam da ke ƙasan gonaki yana cikewa a hankali, kuma kwashe lakar da rani yana dawo maka da wurin da ka rasa ba tare da ka ƙara wa bangon nauyin komai ba. Ruwan da ke cikin rami, ƙasa da asalin doron ƙasa, ba ya gudu ko da dam ya fashe. Sai dai ka nisanci gindin dam ta ciki, kuma kada ka huda shimfiɗar yumɓun da ke ƙasan tafkin ka faɗa yashi. Abu na biyu, rana tana shan rabonta. A wuri mai zafi da iska tafki na iya rasa milimita 7 a yini, wanda a wata biyar ya haura mita ɗaya, daidai abin da kake son ƙarawa. Mitar da buhu zai ba ka kuwa a gefe-gefe take bazuwa, marar zurfi, ita ce ta farko da za ta ƙafe. Don haka shuka da wuri da zaɓen iri mai saurin nuna sun fi ajiye ruwa ana jira. Abu na uku, hanyar ban ruwan. Kwararo a lambatun ƙasa yakan ɓatar da kusan rabin ruwan kafin ya amfani shuka, ban ruwa na ɗigo kuwa yana kai kusan kashi 90 cikin 100 ga saiwa. Ko bututu kawai ka sa a maimakon babban lambatu za ka ga bambanci. Kana kuma iya haƙa wani tafki a gefe, ba a kan rafin ba, ka riƙa cika shi da famfo lokacin da dam ke zubar da rara. Idan duk wannan bai isa ba, ana ɗaga dam, amma gaba ɗayansa ake ɗagawa: a faɗaɗa gindin ta baya, a sa matatar yashi, a ɗaga doron, sannan a ɗaga mafita, injiniya yana tsaye. Ɗora ƙasa a kan doron kaɗai ba ɗagawa ba ce.

Ta fuskar doka, kowace ƙasa da iyakarta, kuma ya kamata ka je ofishin albarkatun ruwa ka ji taku. A Ingila dokar tafkuna ta 1975 tana hawa kan duk wanda ke riƙe fiye da kubik mita 25,000 a sama da doron ƙasa. A Afirka ta Kudu dam da bangonsa ya wuce mita 5 kuma yake riƙe fiye da kubik mita 50,000 dole a yi masa rajista a matsayin mai haɗari. Ka ga naka yana bakin waɗannan iyakoki, ba can ƙasa ba. Kuma ko dam bai kai a yi masa rajista ba, alhakin yana wuyan mai shi. Tun shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, wadda ita ma a kan tafki aka yi ta, kotunan Ingila suka kafa cewa wanda ya tara abu mai haɗari a ƙasarsa, idan ya kuɓuce ya yi wa maƙwabci ɓarna, zai biya ko da bai yi sakaci ba, kuma ƙasashe da dama da suka gaji tsarin shari'ar Ingila sun ɗauki wannan. Balle wanda aka samu da buhu a mafita. Ka kuma bi rafin sama da ƙasa ka ga ko akwai wasu madatsun. Idan na sama ya fashe, ruwansa duka naka zai shigo, idan naka ya tafi, na ƙasa ba zai ɗauka ba.

Mutanen gidajen nan suna da haƙƙin su san abin da ke samansu. Ka je ka same su tun babu komai, ku bi kwarin tare ku ga gidajen da ke kan hanyar ruwa, ku tsayar da tudun da za a gudu, gefe za a hau ba gangara ba, ku karɓi lambobin juna, ku amince da wata alama da za a ji da dare ko waya ba ta shiga. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuma yana tafiya da mota, saboda haka babu tsayawa kwashe kaya. Ka kuma hana yara wanka a tafkin, saboda nutsewa da kuma tsargiya inda take. A damina ka taka doron da gindin dam ɗin kowane mako, da kuma bayan kowane babban ruwa, da safe kafin rana ta busar da alamun. Sakamakon kwalbar da awon faɗin mafitar kuma, ka riƙe su a rubuce, su ne abu na farko da injiniyan zai tambaye ka.